Daga Zauren Fatoma Zuwa Babban Otal

Saukar da baƙo don a sami abin kaiwa baki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ta daɗe kafin zuwan otal. A zamanin fatauci, in ayari ya iso gari sai madugu ya sauke jama'arsa a zango, a bayan ganuwa, inda akwai ruwa da ciyawar jakuna. Manyan fatake kuwa cikin gari suke shiga, kowa ya nufi gidan fatomansa. Haka abin yake tun daga Kano har Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake zuwa sayen goro, haka kuma yake a kasuwannin arewacin Zamfara irin ta Shinkafi, wadda har yau take ci ranar Alhamis.

Fatoma ba ya yanka wa baƙo kuɗin ɗaki. Zai ba shi shimfiɗa a zaure ko shago, a fito masa da tuwon dare daga cikin gida, a jibge kayansa a ɗakin ajiya. Da gari ya waye sai ya haɗa shi da dillali, ya tsaya a kan ciniki, in bashi ne ya tsaya wa mai saye. Ladansa yana cikin la'adar da ake cirewa bayan an sallama. Saboda haka arzikinsa a ɗaure yake da na baƙonsa. In buhu ɗaya ya ɓace a gidansa, labari zai riga ayari isa zango na gaba, baɗi kuma ya ga baƙinsa sun sauka a gidan wani. Amana ita ce jarin sana'ar, kuma sau da yawa ɗa yakan gaji baƙin ubansa kamar yadda yake gadon gona.

Turawan mulki sun zo da bariki, inda Di'o yake sauka in ya fito rangadi, talakawan gari ne ke gyara shi, su kawo itace da ruwa. Sai jirgin ƙasa ya biyo baya. Ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau kuma ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Kasancewarta ƙarshen dogo ya sa gyaɗa da auduga da fatu na Zurmi da Shinkafi da garuruwa irin su Sakajiki suka riƙa taruwa a can. Tare da kayan aka sami sabon irin baƙo: akawun kamfani da ma'aikacin reluwe da ɗan kwangila, waɗanda ba su da hajar da fatoma zai ci la'ada a kanta. Irin wannan baƙo kwana kawai yake so, a kan kwanan kuma aka fara sa farashi. Ƙananan otal-otal da suka tsiro a sabon gari da gefen tasha sun haɗa da sayar da giya, abin da ya ɓata sunan otal a idon mutanen kirki shekaru masu yawa, har dattijo kan gwammace ya kwana a zauren aboki.

Manyan otal-otal na alfarma galibi gwamnati ce ta kawo su bayan samun 'yancin kai. An yi Hamdala a Kaduna. A Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, ga kuma Daula a cikin gari. An gina Durbar a Kaduna domin baƙin hawan daba na bikin FESTAC a 1977, Sakkwato kuma ta sami Giginya. An kashe musu dukiya ba kaɗan ba, sai dai da yawansu ba su yi ƙarko ba, domin gina bene ya fi sauƙi a kan gyara famfo da na'urar sanyaya ɗaki kowace shekara, ma'aikacin da albashinsa ke zuwa ko da baƙi ko babu kuwa ba ya jin abin da fatoma ke ji. Otal ɗin Bagauda ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi, Durbar kuma, bayan doguwar shari'a kan mallakarsa, an rushe shi a 2020. Abin takaici ne ƙwarai.

Yanzu 'yan kasuwa ne ke riƙe da harkar. A Kano akwai irin su Tahir Guest Palace da Bristol Palace. A Zamfara, samun jiha a 1996 ya ƙara wa Gusau baƙi na aikin gwamnati, shari'ar Musulunci da ta fara aiki a 2000 kuma ta raba masaukai da giya, magidanci ya daina jin nauyin a gan shi yana shiga da iyalinsa.

Tambayar da matafiyi ke yi ita ce ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Wanda ya auna farashi da girman falo da walƙiyar tayil zai ga an tsawwala. Amma kaso mai tsoka na kuɗin ba a kan ado yake tafiya ba. Otal ne ke samar wa kansa wuta da janareta mai shan dizal, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, shi ke haƙa rijiyar burtsatse, shi ke biyan masu gadi, ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a takardar biya. Otal ya ci kuɗinsa in wuta ba ta ɗauke da tsakar dare a watan bazara ba, ruwa ya zo a famfo da asuba, zanin gado sabon wanki ne, mota da kaya kuma sun kwana lafiya. Wanda ya gaza a waɗannan ya yi tsada ko nawa ya karɓa.

A yankin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, matsalar 'yan bindiga ta sa tsaro ya zama abin da ake fara dubawa. Matafiya da dama sukan kwana a Gusau su kama hanya da rana tsaka. Masu zuwa cin kasuwa da dabbobi da hatsi kuwa, da yawansu har yanzu gidan dillalinsu suke sauka, a ba su tabarma da abinci, a cire la'ada bayan an gama ciniki.