Jarrabawar ƙwarewa kan kula da rumbun bayanai: abin da ta ƙunsa da yadda ake shirya mata

A watan Oktoban 2022 hukumar zaɓe ta INEC ta sanar da soke sababbin rajista sama da miliyan 2.7, bayan da tantancewa ta nuna cewa ko dai maimaici ne, ko kuma masu su ba su cancanta ba. Kundin da aka shiga zaɓen 2023 da shi na ɗauke da sunaye kimanin miliyan 93.4. Wannan kundi, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, duk a rumbunan adana bayanai suke zaune, kuma kowane rumbu yana da mai kula da shi: shi ke ƙayyade wanda zai iya karantawa da wanda zai iya sauyawa, shi ke adana kwafi, shi ake tasa tsakar dare idan na'ura ta tsaya. Jarrabawar ƙwarewa kan wannan aiki ita ce hanyar da kamfanonin da suka ƙera manhajojin suke shaida cewa mutum ya iya riƙe wannan amana.

Ba hukuma ɗaya ke shirya ta ba, kowane kamfani da tasa. A wajen Oracle, mai neman shaidar ƙwarewa kan Oracle Database 19c yana zana jarrabawa biyu, 1Z0-082 da 1Z0-083. A wajen Microsoft jarrabawa ɗaya ce, DP-300, wadda ta shafi SQL Server da rumbunan da ke kan dandalin Azure, kuma maki 700 cikin 1,000 ake buƙata a ci. Matakin farko shi ne mutum ya duba tallace-tallacen aiki na wuraren da yake hari, ya ga wace manhaja suke ambata, sannan ya tabbatar a shafin kamfanin cewa jarrabawar na nan da rai. Wannan ba ƙaramin batu ba ne: Microsoft ya yi ritaya da shaidun MCSA da MCSE a Janairun 2021, Amazon ma ya rufe jarrabawarsa ta musamman kan rumbun bayanai a Afrilun 2024, amma har yanzu littattafai da bidiyoyinsu na yawo a intanet kamar ba abin da ya faru.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar ta a matsayin jarrabawar harshen SQL kawai. Sanin SQL, wanda aka ƙirƙira a kamfanin IBM cikin shekarun 1970, sharaɗi ne na shiga, kamar sanin baƙi ga mai neman karatu. Abin da ake aunawa ya wuce nan: kafa rumbu, raba izini tsakanin ma'aikata, ɓoye bayanai ta yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, gano dalilin da ya sa tambayar da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya ta koma ɗaukar minti goma, da kuma maido da bayanai bayan ɓarna.

A wannan na ƙarshe ne hadda ba ta da amfani. Tambayoyin sukan zo da labari: wani kamfani ba zai jure asarar bayanan da suka wuce na minti biyar ba, kuma ba zai jure tsayawar aiki fiye da awa ɗaya ba, wane tsari ya dace da shi? Wanda bai taɓa yi da hannunsa ba zai ga duk amsoshin huɗu sun yi kama da daidai. Don haka shiri mafi inganci shi ne ɗalibi ya girka rumbu a kwamfutarsa, kuma ba sai ya biya ko kwabo ba, domin SQL Server Developer da Oracle Database XE da PostgreSQL duk kyauta ne ga mai koyo. Ya zuba bayanai, ya ɗauki cikakken kwafi, ya ci gaba da adana kundin sauye-sauye, sannan da gangan ya goge wani jadawali da ƙarfe 10:15, ya yi ƙoƙarin maido da rumbun yadda yake da ƙarfe 10:14. Karon farko da wuya ya yi nasara, kuma a nan ne zai gane cewa kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba bai tabbata kwafi ba tukuna. Mai harin Oracle zai yi wannan atisaye da RMAN, har umarninsa su zauna masa a yatsu.

Ɓangaren tsaro kuma yanzu ya haɗu da doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka keta bayanan mutane ta hanyar da za ta iya cutar da su. Jarrabawar ba ta tambayar dokar Najeriya, amma abin da take koyarwa, wato ajiye tarihin wanda ya shiga rumbu da abin da ya taɓa, shi ne kaɗai ke ba wata ma'aikata damar faɗin abin da aka sace da kuma lokacin da aka sace shi.

Akwai shafuka masu sayar da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawa. Kamfanonin na ɗaukar amfani da su a matsayin maguɗi, kuma suna iya ƙwace shaida su hana mutum sake zama. Ban da haka, amsoshin da ke cikinsu sau da yawa kuskure ne. Manhajar karatu ta kamfanin, da gwajin kai na kyauta da ke shafin Microsoft Learn, sun fi aminci. Tun 2023 ma Microsoft ya halatta buɗe wannan shafi ana tsakiyar jarrabawa, sai dai agogo ba ya tsayawa, kuma wanda bai san inda abu yake ba lokacinsa zai ƙare a bincike.

Kuɗin zama ana ƙiyasta shi ne da dala, abin da ya ƙara nauyi tun da darajar naira ta faɗi a 2023, saboda haka faɗuwa ɗaya asara ce mai ciwo. DP-300 ana zana ta ta hannun Pearson VUE, ko a cibiyar da aka amince da ita, ko a gida ƙarƙashin idon kyamara. Zaman gida na buƙatar ɗaki wanda ba mai shigowa, da tebur fayau, da intanet da wutar da ba za su yanke ba. Inda lantarki ba shi da tabbas, cibiya ta fi kwanciyar hankali. Sunan da aka yi rajista da shi dole ya dace da na katin shaida harafi da harafi, domin bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed na iya hana mutum shiga.

Shaidar Microsoft shekara ɗaya take yi, ana sabunta ta kyauta ta gajeren gwaji a intanet cikin watanni shida na ƙarshe kafin wa'adinta ya cika. Wanda ya bari ta mutu, sai ya sake biya ya zana DP-300 daga farko.