Grimspound: Kufan Zamanin Tagulla da Doka ke Karewa a Ingila

Grimspound kufai ne na wani tsohon ƙauye da ke kan tuddan Dartmoor, a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Yana tsakanin tsaunuka biyu, Hookney da Hameldown, kimanin mita 450 sama da matakin teku. Masana sun danganta shi da ƙarshen zamanin tagulla, wato wajen shekaru dubu uku da suka wuce.

A wurin akwai tushen ɗakuna 24 kewayayyu, waɗanda aka gina da duwatsu ba tare da laka ba. Ana kyautata zaton an yi masu jinka da itace da ciyawa. Wata katanga mai kaurin kimanin mita 3 ta zagaye su, ta rufe filin da ya kai hekta ɗaya da rabi, kuma wani ƙaramin rafi yana ratsa gefenta na arewa. Tun da ƙauyen yana cikin kwari, duwatsu sun fi shi tsawo, masana da dama na ganin katangar ta tsare dabbobi ce, ba ta yaƙi ba.

A shekara ta 1894 wani kwamitin bincike, wanda Sabine Baring-Gould da Robert Burnard ke ciki, ya tona wurin. An samu murahu, gawayi da gutattsarin ƙanƙara da aka sassaƙa. Kayan da aka samu kaɗan ne, saboda ƙasar Dartmoor tana da tsami, tana cinye ƙashi da itace. Don haka yadda duwatsun suke jere shi ne babbar shaidar da ta rage. Wanda ya gusar da dutse ɗaya ya ɓata wani abu da ba ya dawowa.

Wannan ne dalilin da ya sa Grimspound yake cikin jerin wuraren tarihi da gwamnati ke karewa. Biritaniya ta kafa dokar farko ta irin wannan kariya a 1882, wadda ake aiki da ita yanzu kuwa ta 1979 ce. A ƙarƙashinta, ba a tono, gini ko gyara a wurin sai da izinin hukuma a rubuce, haka nan amfani da na'urar gano ƙarfe. Ɓarna da gangan tana iya jawo tara ko zaman gidan kaso har na shekara biyu.

Ƙungiyar English Heritage ce ke riƙe da wurin, hukumar gandun Dartmoor kuma ke kula da shi yau da kullum. Shiga kyauta ne.