TARIHIN WATA CUTAR HUHU MAI KAMA DA TARIN FUKA

Yau za mu ba ku tarihin wata cuta wadda ba a cika samunta ba, amma tana da saurin kisa.

A shekarar 1958 wani likita, Denis Burkitt, ya ba da labarin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. A 1964 masana uku a Ingila, watau Epstein da Achong da Barr, suka gano wata ƙwayar cuta a cikin naman wannan kumburi. Yawancin mutane suna ɗauke da ita tun suna yara, ba ta yi musu kome.

A 1972 kuma Likita Liebow na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana wata sankarar huhu, suka sa mata suna limfomatoyid giranulomatosis. Sai a 1990 aka gane ashe ƙwayar nan tana da hannu a ciki. Takan shiga fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, su yi ta yaɗuwa har su ɓata jijiyoyin jini na huhu. Ta fi kama wanda garkuwar jikinsa ta raunana.

Alamunta su ne tari da zazzaɓi da rama da haki, wani lokaci da ƙuraje. Kun ji kamarta ɗaya da tarin fuka. Hoton ƙirji kaɗai ba ya rarrabe su, sai an ɗebi ɗan naman huhu an duba da madubin likita. A da, yawancin masu ita ba sa wuce shekara biyu. Yanzu kuwa akan yi wa mai sauƙi allurar intaferon, mai tsanani a ba shi magungunan sankara tare da rituksimab, da yawa kuwa suna samun sauƙi.

To, wanda ya yi mako biyu yana tari, ya kai majinarsa a auna. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne, wata shida. In kuwa ana sha kullum ba sauƙi, kada a koma gida a ce sammu ne. A gaya wa malamin asibiti ya tura mutum Babban Asibitin Daura, daga can sai Katsina ko Kano ko Shika.

Allah ya ba mu lafiya, amin.