Tsumman Jariri da Majanyi: Wani Ɓangare na Tarihin Saƙa a Ƙasar Hausa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin kasuwancin Kano ya gamu da lissafin da Barth ya yi a 1851, inda ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga birnin kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300. Daga nan sai a shiga bayanin turkuɗi da kore da saƙi, da fataken da suke kai su Borno da Agadas da Tambutu. To, amma akwai wani tufafi da bai shiga wannan lissafi ba, ko da yake babu gidan da ba a amfani da shi. Shi ne ɗan ƙyallen da ake naɗe jariri a ciki ranar da ya faɗo duniya, da kuma majanyin da ake ɗaure shi da shi a baya. Dalilin da ya sa marubuta tarihi suka tsallake su a fili yake: sun fi bin abin da ya ratsa kasuwa aka biya masa kuɗin fito, shi kuwa wannan a cikin gida ake yin sa, a cikin gida yake ƙarewa.

Bari mu fara daga auduga. A da, mata ne suke gurzar ta don raba ta da angurya, su shiɓe ta da baka, sa'an nan su kaɗa ta da mazari, suna shafa alli a yatsa. Abin da ya fito siriri mai ƙarfi shi ne zare, mai kauri da taushi kuwa abawa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Maza suna saƙa a masaƙar zaune, su fitar da ƙwarya doguwa wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai a jera ƙwarya-ƙwarya a haɗa da allura kafin a sami zane. Mata kuwa masaƙarsu a tsaye take, jingine da bangon ɗaki, kuma abin da take fitarwa ya fi faɗi da kauri. A nan ake saƙa gwado da majanyi. Ke nan macen da take da auduga tana iya tanadar wa jikanta kayan goyo ba tare da ta nemi ko anini ba.

Abin lura shi ne, sabon saƙi ba shi da daɗi a fatar jariri. Yana da kaushi, in kuma an rina shi da baba yana zuba. Saboda haka ba sabo ake nema ba. Tsohon zane ake ɗaukowa, wanda ya sha wanki da sabulun salo har ya yi laushi, a yanke inda ya mutu, a haɗa sauran ninki biyu ko uku, a kalmashe bakin da hannu don kada zare ya harɗe yatsun yaro. Wannan shi ne tsumma. A yau kalmar ta koma ta raini, har a ce wa mutum ya zama tsumma, alhali kuwa a ɗakin mai jego abu ne da ake zaɓa da natsuwa. Yawanci kaka ce take wannan aiki, musamman a haihuwar fari, lokacin da yarinya take komawa gidan iyayenta goyon ciki, ga kuma kunyar ɗan fari da take hana ta nuna ɗoki. Na ga kakata tana irin wannan ɗinki da daddare a gaban fitila, kuma ko da aka tambaye ta na wane ne, ba ta amsa ba, don a wurinsu ba a yi wa abin da ke ciki shela.

Zuwan Turawa ya canja tushen abin. A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a Mancesta, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kakkafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Audugar da take tsayawa a taskirar mata sai ta fara bin layin dogo zuwa teku, ta komo a matsayin akoko da alawayyo da atamfa. Kaɗi bai mutu nan take ba, ya daɗe yana ja, amma tsumman jariri ya koma na tsohuwar atamfa, kuma keken ɗinki ya karɓi aikin allura. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, aƙalla audugar ƙasa ce ake saƙawa a ƙasa. Wannan masaƙa ta rufe a 2002. Yanzu shawul da tawul da bargon jariri galibinsu daga Sin suke, ko daga dilar gwanjo, kuma su ne ake jerawa a kayan barka.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da ƙyalle ƙyalle ne? Amsar tana cikin yadda ake naɗin. Mutanen Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna naɗe jariri tam da dogon ƙyalle, ƙafafu a miƙe, hannuwa a manne, kamar an ɗaure dami. A 1748 wani likita a Ingila, William Cadogan, ya rubuta sukar al'adar, Rousseau kuma ya ƙara mata wuta a 1762. Daga baya likitoci suka tabbatar cewa ɗaure ƙafafun jariri a miƙe yana iya gurɗa masa ƙugu, ya tashi da ɗingishi. A Japan an yi gangamin hana wannan a 1975, matsalar ta ragu ƙwarai. Bahaushiya kuwa lulluɓawa take yi, ba ta ɗaure ƙafa, in kuma lokacin goyo ya yi, ƙafafun yaro a buɗe suke a kan kwankwasonta, majanyi ya tallafe shi daga ƙasa. Wannan zama shi ne likitocin ƙashi suke cewa ya fi dacewa da ƙugun jariri. Ba ina cewa kakanninmu sun san ilmin ƙashi ba ne, kuma ba duk abin da aka yi a ɗakin jego ne abin yabo ba. Tsumman da bai wanku ba ya sha jawo ciwon cibiya. Amma ga shi yau matan birni suna koyon naɗin Turawa daga hotunan waya, suna sayen bargon da aka ɗinka musamman don matsewa, ba tare da an faɗa musu cewa dole a bar wa ƙafafu sarari ba.

Harshe dai ya riƙe abin da ɗaki ya saki. Ɗan siyasa yana neman goyon baya, in magoya sun ƙara zaƙewa su ce sun goya masa baya har da majanyi. A wani aji da aka yi wannan magana kwanan baya, an tambayi wa ya taɓa ganin majanyi ɗan saƙa da idonsa. Hannuwan da suka tashi kaɗan ne, kuma kusan dukansu na waɗanda suka taso a ƙauye ne.