Damagaram da kunnen baƙo

A 2021 Camille Lefebvre ta fitar da Des pays au crépuscule, littafi kan shigowar Faransawa Zinder da Agadas tsakanin 1898 da 1906. Kan labarin dai kowa ya sani: an kashe Cazemajou a Zinder a 1898, shekara na kewayowa aka gwabza a Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa sarauta da rai. Abin da ya burge ni, ba ta tsaya ga rahoton soja ba, ta nemo wasiƙun Larabci da maganganun mutanen ƙasa da aka rubuta da Hausa.

To amma wa ya rubuta Hausar wancan zamani? Ku ɗauki Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya kai Ingila. Schön, Bajamushe, shi ya ɗauki maganarsa ya buga cikin Magana Hausa a 1885, da rubutun da bai raba k da ƙ ba, balle karin sauti. A takarda "kafa" da "ƙafa" duk ɗaya ne. Masanin tarihin da bai sha Hausa a nono ba zai iya wucewa bai lura ba. Mu da za mu gane, littafin Lefebvre ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma da Faransanci yake.