Matsayin Rake a Ƙaramar Gonar Kofi ta Kolombiya

Mai ziyarar ƙaramar gona a tsaunukan yammacin Kolombiya, yankin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2011 saboda al'adarsa ta noman kofi, yakan tarar da bishiyoyin kofi jere a kan gangare, a wasu gonakin kuma ya hangi ɗan filin rake da wata rumfa mai hayaƙi. Galibin baƙi kofin suke zuwa gani, alhali a gonar da ta haɗa biyun, raken ne ke riƙe gidan duk shekarar da kofi ya gaza.

Iyalai fiye da 500,000 ne ke noman kofi a ƙasar, mafi yawansu a filin da bai kai hekta 5 ba. Bishiyar takan ɗauki kimanin shekara 3 kafin ta fara 'ya'ya, sannan a tsinke jajayen da hannu, a ɓare, a wanke, a shanya, amma duk da wannan wahala tushen farashin yana kasuwar birnin New York, inda ƙaramin manomi ba shi da ta cewa. An ga haɗarin haka a 1989, lokacin da tsarin ƙayyade fitar da kofi tsakanin ƙasashe ya rushe farashi ya faɗi warwas, an kuma ga wani haɗarin na daban a cutar tsatsar ganye, wadda tare da yawan ruwan sama ta sauko da amfanin ƙasar daga buhu sama da miliyan 12 a 2007 zuwa ƙasa da miliyan 8 a 2009.

Rake kuwa kasuwarsa ta gida ce. A rumfar da suke kira trapiche, wato wurin matsa, ana tura raken cikin inji ruwansa ya zuba, a tafasa shi a jerin manyan kasake, a sa ɓawon wata bishiya mai yauƙi da ake kira balso domin datti ya taso a kwashe, har ruwan ya yi kauri a zuba shi cikin ma'aunan katako ya daskare. Abin da ya fito shi ne panela, wadda ba ta da wani bambanci na asali da mazarƙwailar da ake dafawa a ƙasar Makarfi. Ragowar raken da aka matse, idan ya bushe, shi ne makamashin murhun. Indiya kaɗai ta fi Kolombiya samar da irin wannan sukari, kuma talakan ƙasar yakan narka shi a ruwan zafi ya sha safe da yamma, saboda haka mai saye ba ya yankewa. Tun da manomi yana iya zaɓen raken da ya ƙosa ya sare kaɗan-kaɗan, kuɗin cefane yana shigowa a watannin da babu girbin kofi.

Gaskiya ne farashin panela ma yakan faɗi, aikin gaban wuta yana cin jiki, kuma tsofaffin murahu suna ɓarnar zafi har wasu su ƙara da itace. Sai dai kofi yana da ƙungiyar manoma ta ƙasa tun 1927, da cibiyar bincike ta Cenicafé wadda ta fitar da irin Castillo mai jure tsatsa a 2005, gatan da mai dafa panela bai samu kwatankwacinsa ba. Ya kamata masu tsara manufofin noma su ba gyaran murhu da injin matsa irin muhimmancin da suke ba sabon irin kofi.