Rabuwar FFmpeg da Libav: Tarihin Rassa Biyu na Taska Ɗaya

A wannan maƙala za mu waiwayi abin da ya auku tsakanin FFmpeg da Libav, domin mu ga yadda akan yi idan buɗaɗɗiyar manhaja ta dare gida biyu. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka yarje wa kowa ya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya kwafa, ya kuma gyara. Taska kuwa tarin ayyuka ce da aka riga aka rubuta, waɗanda sauran manhajoji ke ɗiba maimakon su sake rubuta nasu.

Fabrice Bellard, mutumin Faransa, shi ya ƙirƙiro FFmpeg a 2000 don sarrafa sauti da bidiyo a kwamfuta. Daga 2004 ragamar aikin ta koma hannun Michael Niedermayer. A farkon 2011 saɓani ya tashi a kan shugabanci, har a watan Maris wasu ma'aikatan suka ɓalle, suka kwashi rubutun suka kafa Libav. Dokar manhajar ta ba su wannan dama.

Sai dai rassan biyu sun riƙe sunaye iri ɗaya ga taskokinsu, alal misali libavcodec da libavformat, alhali abin da ke ciki yana ta bambanta. Hausawa na cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya. Saboda haka tilas masu harhaɗa manhajoji su zaɓi guda. Debian da Ubuntu suka bi Libav, Fedora da wasunta ba su bi ba, masu rubuta manhajojin bidiyo kuwa suka shiga wahalar daidaita aikinsu da kowane reshe.

Abin lura shi ne halin da kowane ɓangare ya ɗauka. FFmpeg ta dinga kwaso gyare-gyaren Libav tana haɗawa da nata, ita kuwa Libav sai ta tsinci kaɗan. Da haka FFmpeg ta tara aikin gida biyu. A watan Yuli 2015 Debian ta koma gare ta, a ƙarshen watan kuma Niedermayer ya sauka daga shugabanci. Libav ta yi fitowarta ta ƙarshe a 2018.

A ganinmu, ba a teburin sulhu aka raba wannan gardama ba. Reshen da bai ƙyamaci aikin abokin hamayyarsa ba shi ya ɗore, kuma masu amfani da taskar ne suka yanke hukunci.